Kamfanin da ya sayar wa duniya kwado, ya miƙa wa CIA makulli

1/ Jama'a ku gyara zama, zaren yau da ɗan tsawo. Labarin wani kamfani ne a ƙasar Siwizalan mai suna Crypto AG, wanda ya kwashe shekaru sama da hamsin yana sayar wa gwamnatoci na'urorin ɓoye saƙonnin sirri. Ƙasashe fiye da 120 ne suka saya. Tun daga 1970 kuma, masu kamfanin na ainihi su ne CIA ta Amurka da BND, hukumar leƙen asirin Jamus ta Yamma. Masu sayen ba su sani ba.

2/ Ga aikin na'urar a taƙaice. Jakada yana son aika wa gwamnatinsa saƙo. Sai ya buga shi a na'ura, ita kuma ta hautsina haruffan su koma shirme. A can gida akwai irinta mai makulli ɗaya da za ta warware. Duk wanda ya tare saƙon a hanya, shirmen nan kawai zai gani.

3/ Wanda ya kafa kamfanin, Boris Hagelin, ɗan Suwidin ne. A 1940 ya tsallaka Amurka, kuma na'urarsa M-209 ce sojojin Amurka suka yi ta amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu, an ƙera kusan 140,000. A can ya ƙulla abota da William Friedman, gwanin warware rubutun sirri na gwamnatin Amurka.

4/ Bayan yaƙi Hagelin ya fara ƙera na'urori masu ƙarfin da Amurkawan kansu ba sa iya fasawa. Hankalinsu ya tashi. A 1951 shi da Friedman suka ci abincin dare a Washington, aka yi yarjejeniyar fatar baki: masu ƙarfin sai ƙasashen da Amurka ta yarda da su, sauran a ba su masu rauni. A 1952 ya buɗe Crypto AG a garin Zug.

5/ Kar ku raina zaɓin Siwizalan ɗin nan fa. Ƙasa ce 'yar ba-ruwanmu, ba ta NATO, ba ta ɓangaren Sobiyet. Shugaban da ya karɓi 'yanci jiya, wanda ba ya son sayen kayan sirri daga Turawan da suka mulke shi, ina zai nufa? Sunan ƙasar shi ne rabin hajar.

6/ A 1970 Hagelin ya tsufa, CIA da BND suka saye kamfanin a kan kusan dala miliyan 5.75, suka ɓoye sunansu ta hannun wani ofishin lauyoyi a Liechtenstein. Shirin an fara kiransa Thesaurus, daga baya Rubicon. Kamfanin Siemens na Jamus da Motorola na Amurka duk sun sa hannu ta ɓangaren fasaha.

7/ Nan ne wurin da ya fi ba ni sha'awa a matsayina na mai karanta kimiyyar kwamfuta. Ba wata waya suka maƙala a ciki da injiniya zai buɗe ya gani ba. Lissafin suka taɓa. Na'urar tana fitar da jerin lambobi da ya kamata su zama barkatai, babu wanda zai iya hasashen ta gaba. NSA ta tsara lissafin yadda lambobin za su yi kama da barkatai a ido, alhali suna maimaita kansu a wani salo da kwamfutocinta za su gano. Ka gwada na'urar sau dubu, lafiya lau take aiki. Saƙonka ya hautsine, abokinka ya warware, wani na uku ma ya warware.

8/ Kuma kuɗi kake biya, miliyoyin daloli. Ribar CIA da BND suke rabawa. Wato kai ne kake ɗaukar nauyin leƙen asirin da ake yi maka. Wallahi wannan ɓangaren ya fi komai ƙona min rai.

9/ Me suka karanta? A 1978 lokacin tattaunawar Camp David, Amurka tana zaune a matsayin mai shiga tsakani, tana kuma karanta saƙonnin da Anwar Sadat yake aikawa Alƙahira. A 1979 da aka yi garkuwa da Amurkawa a ofishin jakadancinsu na Tehran, saƙonnin Iran a buɗe suke gare su. A 1982 a yaƙin tsibiran Falkland, an riƙa miƙa wa Birtaniya bayanan sojojin Ajantina.

10/ Ajantina ta yi zargi. Kamfanin ya tura babban masaninsa, Kjell-Ove Widman, wanda CIA ce ta ɗauko shi, ya je ya lallashe su cewa wata tsohuwar na'urar murya ce aka fasa, babbar kuwa tana nan daram. Suka yarda, suka ci gaba da saye.

11/ A 1986 bam ya tashi a gidan rawa na La Belle a Berlin ta Yamma. Reagan ya fito ya ce suna da hujja daga saƙonnin ofishin jakadancin Libiya da ke Berlin ta Gabas, sannan ya yi wa Tripoli da Benghazi ruwan bama-bamai. Duk mai na'urar Crypto a lokacin ya kamata gabansa ya faɗi.

12/ Tarayyar Sobiyet da Sin ba su taɓa zama kwastomomi ba. Sun ƙi yarda da kayan Yamma, suka ƙera nasu.

13/ Yawancin ma'aikatan kamfanin ba su san komai ba, kuma a kan ɗaya daga cikinsu abin ya fashe. Hans Buehler ɗan talla ne. A 1992 Iran ta kama shi, ta tsare shi wata tara tana yi masa tambayoyi a kan abin da bai sani ba. An biya dala miliyan ɗaya aka sako shi, kuɗin daga BND a ɓoye. Da ya dawo gida kamfanin ya sallame shi. Daga nan ya fara magana da 'yan jarida.

14/ Jamus ta tsorata, ta sayar wa CIA kasonta a 1993. A 1995 jaridar Baltimore Sun ta buga rahoto a kan alaƙar kamfanin da NSA. Wasu ƙasashe suka janye. Iran kuwa, wadda ta kulle mutum wata tara a kan wannan zargin, ta koma ta ci gaba da saye. Ina za ta je? Masu ƙera irin kayan nan ba su da yawa.

15/ CIA ta riƙe kamfanin har 2018, sannan aka sayar da kadarorinsa. A Fabrairun 2020 Washington Post da gidan talabijin na ZDF na Jamus da SRF na Siwizalan suka fallasa takardun tarihin da hukumomin suka rubuta da kansu. Binciken majalisar Siwizalan ya nuna hukumar leƙen asirin ƙasar ta sani tun 1993.

16/ Tun 1883 Auguste Kerckhoffs ya rubuta cewa tsarin ɓoye saƙo ya kamata ya tsaya da ƙafarsa ko da maƙiyi ya san yadda yake aiki, makulli kaɗai ne sirri. Kwastomomin Crypto akwatin baƙi suka saya, suka dogara da sunan kamfani. Shi ya sa ni dai na fi natsuwa da manhajar da lambobinta suke a fili kowa ya duba, irin Signal. WhatsApp yana amfani da tsarin Signal ɗin, amma lambobin manhajar a rufe suke, sai abin da Meta ta gaya maka.

17/ Idan na ji Amurka tana gargaɗin duniya a kan Huawei, ba na cewa ƙarya take. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake yoyo. Abin da ba na yarda da shi shi ne a ce matsalar ta Sin ce kaɗai. Haka kuma duk lokacin da gwamnati ta nemi a bar mata ƙofar baya "don kama miyagu", kamar Clipper na 1993 ko rigimar FBI da Apple a 2016, sai in tuna Sadat. Aboki ne fa a teburin sulhu, ba ɗan ta'adda ba.

18/ Mu fa? Najeriya tana cikin jerin masu saye, haka Ghana da Sudan. Takardun BND ɗin sun ce gwamnatin Najeriya ta sayi na'urori masu yawa, aka zauna ana jiran saƙonni su fara shigowa. Shekara biyu shiru. Aka tura wakilin kamfani ya je ya duba ko lafiya. Ya tarar da su jibge a sito, kwalayen ma ba a buɗe ba.