Gurasa da Tsire: Tarihin da ke Kan Tukuba

Idan bazara ta kankama a Kano, ɗaki ba ya zaunuwa bayan magariba. A Koki da unguwannin da ke kewaye da Kasuwar Kurmi, a kan shimfiɗa tabarma a tsakar gida ko ƙofar gida, a aiki yaro wurin mai tsire. Mai tsiren zai ɗora gurasa a gefen wuta ta yi ɗumi, ya shafa mata mai, ya barbaɗa yajin ƙuli, ya zuba nama da albasa, ya naɗe. Tun kafin kantunan zamani su fara cusa nama cikin ƙullin fulawa su gasa, Bakano ya san daɗin haɗa alkama da nama a bakin wuta.

Sunayen kansu sun isa shaida. Kalmar alkama daga Larabci ta fito, haka gurasa, haka alkaki. Tanderun da ake manna gurasa a jikinsa ma ɗan'uwan tannur ne na Larabawa. Fataken Tarabulus da Gadamus da suka riƙa keto Sahara sun zauna a birnin Kano, kusa da Kurmi, kasuwar da ake danganta kafuwarta da Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Unguwar Dandalin Turawa ma su ake nufi da ita, domin kafin zuwan Ingilishi, Larabawan ake kira Turawa. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar da su zaune da gidajensu da cinikinsu.

A wancan zamani alkama ba abincin kowa ba ce. Ba ta son zafi, sai da sanyin hunturu ake noma ta a fadamu da ban ruwa, a girbe ta gab da bazara. Talaka na kan gero da dawa, gurasa kuwa ta gidan sarauta ce da gidan attajirai, sai ranar biki ko babban baƙo.

Ƙulin da ke kanta ya biyo wata hanyar, kuma a nan Koki ta shigo labarin. Bayan jirgin ƙasa ya fara aiki a Kano a 1912, cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Alhassan Ɗantata, wanda zuriyarsa ta kafu a Koki, yana cikin manyan masu sayen ta har rasuwarsa a 1955. Gyaɗa ta cika gari, mata na matse mai a gida, tunkuzar ta zama ƙuli, ƙulin ya zama yajin tsire da na bandashe.

Abin da ya sauko da gurasa hannun kowa shi ne fulawar inji, wadda akasarin alkamarta daga ƙetare take zuwa. An yi ƙoƙarin noma ta a gida: an gina madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka shuka alkama a Kadawa, kuma a 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita. Noman bai wadatar ba, bayan 'yan shekaru aka janye hanin.

Sakamakon ya bayyana a watan Fabrairun 2024, lokacin da mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a Kano saboda tsadar fulawa. Da yawansu da wannan tanderu suke ciyar da marayu da biyan kuɗin makaranta. Idan dala ta tashi, ko yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, gurasar da yaron Koki zai sayo da daddare sai ta ƙanƙance, ko mai yin ta ta kashe wuta. Abincin da raƙuma suka kawo mana sunansa, yau jirgin ruwa ne ke yanke masa farashi.