Zaure Kafin Sansani: Tarihin Saukar Baƙi a Iyakar Illela da Ƙonni

Wanda ya bi hanyar Sakkwato ya yi arewa, ya wuce Gwadabawa, zai isa Illela da Amarawa, garuruwan ƙarshe kafin ƙasar Nijar. Daga nan zuwa Birnin Ƙonni tafiyar 'yan mintoci ce a babur. Fiye da shekara ɗari ke nan mutanen da yunwa ko yaƙi ya koro suna ratsa wannan yanki, wani zamani su yi kudu, wani zamani su yi arewa. A mafi yawan lokutan, ba hukuma ce ta fara tarbarsu ba. Magidanta ne suka buɗe zauruka, mata suka ƙara tsaba a tukunya, masu unguwanni suka nuna fegin kafa bukka.

Ita kanta iyakar baƙuwa ce. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, aka sake gyara layin a 1904 da 1906, Ƙonni ta tabbata a hannun Faransa. A watan Mayun 1899 kuwa, rundunar Faransawa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni da kisa da ƙone-ƙone. Bayan haka haraji mai tsanani da aikin dole suka riƙa tunkuɗo talakawan Adar da Ƙonni zuwa kudu. Marafan Gwadabawa Muhammadu Maiturare, wanda ya zama Sarkin Musulmi a 1915, ya yi suna wajen zaunar da baƙi a ƙasar arewacin Sakkwato.

Saukar baƙo tana da tsarinta, ko da yake ba a rubuce yake ba. Mai gudun hijira yakan nemi mai masauki, ko dangi, ko tsohon abokin ciniki, ko ɗan garinsu da ya riga shi zuwa. Mai masauki ya kai shi gaban mai unguwa, ya tsaya masa, ya nema masa aron gona ko ƙodago. Da kaka a ba shi rabo daga zakkar hatsi. Wannan tsari ne ya ɗauki nauyin jama'a a yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, shi ne kuma ya tarbi Buzaye da Fulanin da farin 1973 da 1974 ya cinye musu dabbobi, da yawansu suka zarce Sakkwato da Kano suka kama aikin gadi.

Dokokin kare 'yan gudun hijira sun zo ne daga baya. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta amince da yarjejeniyarta a 1969, Nijeriya kuma ba ta kafa hukumar 'yan gudun hijira ba sai 1989. Kafin nan, a watan Afrilun 1984, gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa ana tsakiyar fari, ba a buɗe ba sai 1986. Hatsi ya daina hawa arewa, mayunwata suka rasa hanyar zuwa wurin danginsu, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar suna El-Buhari.

A 2019 reshe ya juye. Hare-haren 'yan bindiga a Sakkwato da Zamfara da Katsina suka sa 'yan Nijeriya neman mafaka a Nijar. A watan Mayun shekarar, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kimanin mutum 20,000 sun tsallaka jihar Maraɗi, kafin ƙarshen shekara adadin ya haura 40,000. Ƙauyawan yankin Gidan Rumji ne suka fara saukar da su a gidajensu, sannan daga baya aka mayar da wasu Ɗan Daji Makau da Garin Kaka. Jikokin waɗanda aka ciyar a 1974 da 1984 suka zama masu ciyarwa.

Amma mai masauki shi ma talaka ne, abin da ke rumbunsa kuwa kasuwar iyaka ce ke yanke masa farashi. An rufe iyaka a Agustan 2019, aka buɗe ƙofar Illela a Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Kowace rufewa takan tsayar da ɗan dako da ɗan kabu-kabu da dillalin dabbobi, wato su ne dai mutanen da baƙo ke kwana a zaurensu. Rajistar agaji tana ƙirga wanda ya gudo da yawan iyalinsa, amma ba kasafai take rubuta sunan maigidan da ya raba damin geronsa biyu tun kafin motar farko ta hukuma ta iso ba.