Tarihin Bindigar Aljihu da Dokokin Ɓoye Makami a Amurka

A farkon ƙarni na goma sha tara, ɗaukar makami a bainar jama'a ba abin kunya ba ne a yawancin jihohin Amurka, amma ɓoye shi a cikin tufafi ana ɗaukarsa halin maha'inci, domin wanda ya rataya bindigarsa a fili ya gargaɗi abokin gabarsa, shi kuwa wanda ya sakaye ta ana zarginsa da shirin yin kisan mummuƙe. Wannan fahimta ce ta sa jihohin Kentucky da Louisiana suka kafa dokokin hana yawo da ɓoyayyen makami a shekarar 1813, ko da yake kotun ƙoli ta Kentucky ta soke tata dokar a 1822, bisa hujjar cewa ta saɓa wa tsarin mulkin jihar.

Duk da wannan ƙyama, kasuwar ƙaramar bindiga ba ta daina bunƙasa ba, kuma maƙerin da sunansa ya fi fita a sana'ar shi ne Henry Deringer na birnin Philadelphia, wanda ya rayu daga 1786 zuwa 1868. Bindigarsa gajera ce ƙwarai, tana shiga aljihun kwat, ana ɗura mata albarushi da dalma ta baki kamar bindigar toka, sannan a ɗora wata 'yar hular tagulla mai sinadari wadda ke tayar da wuta idan kunama ta buge ta. Harbi ɗaya kawai take yi kafin a sake ɗuri, shi ya sa aka saba sayar da ita bibbiyu, kuma ba ta da saiti sai a kusa. Masu haƙar zinariya da suka kwarara California daga 1849, da 'yan caca, da fatake sun yi rububinta, kuma da yake Deringer bai yi wa ƙirar rajistar mallaka ba, maƙera da dama suka riƙa kwaikwayonta har da buga sunansa a jikinta, abin da ya kai shi ga shigar da ƙara a kotun California.

Ranar 14 ga Afrilu, 1865, John Wilkes Booth ya shiga gidan wasan kwaikwayo na Ford a birnin Washington da irin wannan bindiga a ɓoye, ya harbi Shugaba Abraham Lincoln ta ƙeya. Babu abin da ya gaskata tsoron masu dokar 1813 kamar wannan kisa, amma abin takaici shi ne bai rage wa bindigar farin jini ba, domin a 1866 kamfanin Remington ya fito da wata mai baki biyu, ɗaya bisa ɗaya, wadda aka ci gaba da ƙerawa har zuwa 1935. Daga bisani John Browning ya tsara ƙananan bindigogi masu ɗura wa kansu harsashi bayan kowane harbi, waɗanda kamfanin FN na Beljiyam ya ƙera, kuma da samfurin 1910 ne Gavrilo Princip ya kashe yarima mai jiran gadon Ostiriya, Franz Ferdinand, a Sarajevo ranar 28 ga Yuni, 1914.

Jihar New York ta mayar da martani ga yawaitar kashe-kashe da dokar Sullivan ta 1911, wadda ta wajabta lasisi kafin mallakar bindigar da za a iya ɓoyewa, daga baya kuma aka ƙara sharaɗin cewa sai mai nema ya nuna ƙwaƙƙwaran dalili. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 ne al'amarin ya juya, bayan Florida ta sauƙaƙa bayar da lasisi a 1987 jihohi da yawa suka bi sahunta, har Illinois ta zama ta ƙarshe da ta halatta ɗaukar ɓoyayyar bindiga a 2013. A watan Yunin 2022 Kotun Ƙolin Amurka ta soke sharaɗin nuna dalili na New York, tana mai cewa ɗaukar bindiga a wajen gida don kare kai haƙƙi ne da tsarin mulki ya bai wa ɗan ƙasa.