Warin Fetur A Cikin Mota: Yadda Ake Gano Tushensa Da Yadda Ake Gyarawa

Abin da ya sa na rubuta wannan bayani shi ne abin da ya same ni a hunturun da na sayi wata tsohuwar mota a nan Ingila. Kullum da safe in na ɗauki yara zuwa makaranta sai ƙaramar ta ce, "Baba, kaina yana ciwo." Ni kuwa ina jin ɗan warin fetur, amma sai na ce ai haka tsohuwar mota take, na sayo turare na rataya. Sai da maiɗakina ta ce ita da yara ba za su sake shiga motar ba, sa'annan na kai ta gareji. Da makanike ya ɗaga kujerar baya, sai ga mai ya jiƙa saman tanki, daidai inda yaran suke zama.

To, abin da na koya shi ne, lafiyayyar mota ba ta warin fetur a ciki, komai tsufanta. A gida gilashi a sauke muke tafiya, iska tana kwashe warin, amma a ƙasashen sanyi gilashi a rufe yake, hita tana aiki, duk abin da ya shigo shi iyali za su shaƙa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, saboda haka ƙasa yake kwanciya, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya kama da wuta ko da ana tsananin sanyi.

Abu na farko

Idan warin ya yi ƙarfi, ko ka ga mai yana ɗiga, ka tsaya a gefen hanya, ka kashe inji, ka fitar da kowa. Kada a kunna sigari ko ashana, kada kuma ka ce bari in lallaɓa zuwa gida. Kira masu jan mota. Idan wuta ta tashi, ku yi nisa, ka kira 999 a Birtaniya, ko 911 a Amurka.

Lokacin da warin ke zuwa

Kafin ka kashe ko kwabo, ka lura da lokacin da kake jin warin, domin shi ne yake nuna inda matsalar take.

1. Bayan ka sha mai. Fara da murfin tanki. Robar da ke jikinsa takan bushe ta tsage, kuma sabon murfi ba shi da tsada. Duba takalminka da hannunka, wataƙila mai ka taka a gidan mai. Idan kuma sai ka cika tanki warin yake zuwa, in mai ya yi ƙasa ya ɗauke, to yoyon a sama yake: ko wuyan tanki ya yi tsatsa, ko robar da ke rufe bakin famfon mai ta mutu. Wannan ta biyun ita ce ta same ni. A motoci da yawa famfon yana cikin tanki, ƙofarsa kuwa tana ƙarƙashin kujerar baya.

2. Idan ka kunna hita ko fanka. Iskar da ke shigowa ciki ta ƙasan gilashin gaba ake jawo ta, dab da bayan bonet. Saboda haka yoyon yana wajen inji: robobin injekta, ko tiyon mai, ko mahaɗarsu. Irin wannan yakan fi yawa da sanyin safiya, domin sanyi yana sa tsohuwar roba ta ƙanƙance, in inji ya yi zafi kuma ta koma ta toshe. Wannan shi ne mafi haɗari, tun da man yana kusa da ƙarfe mai zafi.

3. Idan mota ta kwana a ajiye. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da dare, ka duba da safe. Gishirin da ake zubawa a kan titi lokacin ƙanƙara yana cin bututun mai na ƙarfe da ke bin ƙasan mota. Amma ka sani fetur yana saurin bushewa, rashin ganin jiƙa ba ya nufin babu yoyo.

4. Idan warin yana zuwa tare da fitilar nan mai hoton inji. Motocin zamani suna da wani gwangwani mai gawayi a ciki, wanda yake tara tururin tanki, daga baya ya tura shi inji ya ƙone. Masu matsa famfo bayan ya tsaya da kansa, wai don tanki ya cika maƙil, su ne suke tura mai cikin gawayin nan su lalata shi. Motocin Amurka tun daga 1996, da na fetur a Turai tun daga wajen 2001, suna da wurin jona na'urar OBD a ƙasan sitiyari. Lambar P0455 tana nufin babban yoyon tururi, P0442 ƙarami, P0457 kuwa murfin tanki bai rufu ba.

5. Idan mota tana shan mai fiye da da, tana baƙin hayaƙi ko tana girgiza. A nan inji ne ba ya ƙone man duka, sai a duba fulogi da injekta. Idan kuma salansa ta huje, hayaƙin yana shigowa ciki, kuma a cikinsa akwai iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari amma tana kisa.

Gyara

Murfin tanki kowa zai iya canzawa. Sauran kuwa, shawarata a kai wa makanike, domin man da ke cikin bututun mota mai injekta a matse yake, kana kwancewa zai yi feshi, ko da inji a kashe yake. Wanda ya iya aikin, a waje zai yi shi, inji ya huce, ya cire fis ɗin famfo ya bar inji ya mutu da kansa, sa'annan ya cire kan batir. Tiyon da aka yi musamman don fetur za a sa, ba kowace roba ba. Idan an rasa inda yoyon yake, garejoji suna da injin da ke hura hayaƙi cikin bututun, inda ya fito nan ne ramin.

Masu tsofaffin motoci a Birtaniya su lura: a watan Satumba na 2021 aka koma fetur ɗin E10, wanda sinadarin etanol da ke cikinsa yake iya kaiwa kashi 10 cikin 100. Motocin da aka ƙera daga 2011 ba su da matsala da shi, amma a wasu tsofaffi yana cin roba, sai a sha E5. Haka kuma mota mai yoyon mai ba za ta ci gwajin MOT ba.

Sai wasu ɗabi'u biyu da muka taho da su daga gida: ajiye jarkar fetur a but, da goga sabulu a tankin da ya huje. Jarka ko babu mai a ciki tana wari, a fitar da ita. Sabulu kuwa dabarar kan hanya ce, ba gyara ba ce.

Tawa motar, roba ɗaya aka canza, aka wanke ƙarƙashin kujerar aka shanya, ciwon kan yarinya ya tafi. Turaren nan da na rataya kuwa, mako uku ya yi yana ɓoye mini abin da ya kamata in ji tun ranar farko. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, amin.