Daga kwanciya zuwa tattaki: yadda likitoci suka sauya ra'ayi kan amosanin gaɓɓai

A birnin Liverpool na Ingila, cikin shekarun 1870, an yi wani likita mai suna Hugh Owen Thomas wanda ya fito daga gidan maɗora, domin mahaifinsa da kakanninsa a yankin Wales ɗori suka gada. Koyarwarsa a kan gaɓar da ke ciwo ba ta da sassauci: a ɗaure ta da ƙarfe da fata, a hana ta motsi na tsawon lokaci, kada a kwance ko da na yini ɗaya. Yana da hujja. Da yawa daga cikin marasa lafiyarsa tarin fuka ne ya shiga musu ƙugu ko gwiwa, a zamanin da babu maganinsa, kuma hutu kaɗai ke bai wa irin wannan gaɓa damar warkewa. Matsalar ta taso ne da aka ɗauki dokar da ta dace da cuta ɗaya aka shimfiɗa ta a kan kowane ciwon gaɓa.

Abin da muke kira amosanin gaɓɓai ko sanyin ƙashi ba cuta ɗaya ba ce. Akwai wanda ya fi yawa, inda guringuntsin da ke lulluɓe bakin ƙashi yake lalacewa sannu a hankali, galibi a gwiwa da ƙugu da yatsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi sun kai miliyan 528 a shekarar 2019. Akwai kuma na kumburi, inda garkuwar jiki take juyowa ta afka wa gaɓɓai. Wani ɗalibin likita a Paris, Landré-Beauvais, ya bayyana shi a 1800, kuma masu shi a 2019 sun kai kusan miliyan 18. Duka biyun an daɗe ana yi musu hukunci ɗaya. Mai na farko a ce masa gwiwarsa ta cinye kamar tayar mota, don haka ya rage tafiya. Mai na biyu kuwa, har tsakiyar ƙarni na 20, a kwantar da shi a asibiti na makonni, hannuwa da ƙafafu cikin filasta.

Sai dai tun kafin Thomas akwai masu wata fahimtar. A 1742 aka buɗe asibiti a garin Bath don talakawa su sami shiga ruwan ɗumi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, wanda daga baya ya zama asibitin cututtukan gaɓɓai. A Suwidin kuma Per Henrik Ling ya kafa cibiyar koyar da motsa jiki a Stockholm a 1813, inda aka fara tsara atisaye a matsayin magani. A 1894 wasu mata huɗu masu aikin jinya a Birtaniya suka kafa ƙungiyar ƙwararrun masu tausa, don tsarkake sunan sana'ar bayan an zargi wasu gidajen tausa na Landan da zama gidajen karuwai. Daga wannan ƙungiya ce ƙungiyar masu gashin ƙashi ta Birtaniya ta samo asali. Yaƙin Duniya na Ɗaya da annobar shan inna suka faɗaɗa aikin, saboda dubban sojoji da yara da suke bukatar a sake koya musu tafiya.

Duk da haka, ga mai amosani, yawancin abin da ake yi masa a wancan lokaci yi masa ake yi yana kwance: tausa, fitila mai zafi, tsoma hannu a narkakken kakin kyandir, na'urar lantarki. Sunan da Bahaushe ya raɗa wa sana'ar, gashin ƙashi, ya adana wannan zamani daidai. Aikin ya shigo Najeriya a 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirinsa a 1966, yau kuma ana koyar da shi a Jami'ar Bayero ta Kano. Har gobe wanda aka tura sashen gashi yakan je da tsammanin za a kunna masa fitila, sai ya ji an ce ya tashi daga kujera ya zauna sau goma, ya koma gida yana ganin an yi masa rowa.

Magunguna ne suka fara buɗe hanya ga mai amosanin kumburi. A 1948 Philip Hench na asibitin Mayo a Amurka ya gwada kotizon a kan wata mata da ciwon ya kwantar, cikin 'yan kwanaki ta tashi tana yawo, kuma ya samu lambar yabo ta Nobel a 1950. Illolin maganin sun sanyaya gwiwar likitoci daga baya, amma a shekarun 1980 methotrexate ya zama ginshiƙin magani. Da aka iya kashe wutar kumburi da ƙwaya, dalilin kwantar da mutum na makonni ya ragu ƙwarai.

Hujja ta biyu daga zomaye ta fito. A Toronto, cikin shekarun 1970, likitan ƙashi Robert Salter ya nuna cewa guringuntsin gwiwar zomo ya fi farfaɗowa idan ana motsa gaɓar fiye da idan an ɗaure ta. Dalilin shi ne guringuntsi ba shi da hanyoyin jini. Daga ruwan da ke cikin gaɓa yake samun abinci, kuma sai an danne shi an saki, kamar soso, ruwan yake shiga yana fita. Gaɓar da aka hana motsi yunwa take ji, tsokar cinya da ke tallafe da ita tana ramewa, nauyi yana ƙaruwa, ciwon da aka gudu ya dawo ya fi da. Misalin tayar mota ya rushe a nan, domin taya ba ta da rai.

Saura a gwada a kan mutane. A 1989 Marian Minor da abokan aikinta a jihar Missouri suka sa mutum 120 masu nau'o'in amosanin biyu cikin gwaji na mako 12, wasu suna tattaki, wasu atisaye a cikin ruwa. Ƙarfinsu ya ƙaru, gaɓɓansu kuma ba su ƙara kumbura ba. A 1997 wani gwajin a Amurka ya bi mutum 439 masu shekara 60 zuwa sama na wata 18, ya gano masu motsa jiki sun fi samun sauƙin ciwon gwiwa da na zirga-zirga. A 2013 masana a Denmark, Ewa Roos da Søren Skou, suka mayar da binciken tsari mai suna GLA:D: darussa biyu na fahimtar ciwon, sai zama 12 na atisaye cikin mako shida, wanda ƙasashe irin su Kanada da Ostareliya suka ɗauka.

A ganina, masu tallata motsa jiki a yau su ma suna bukatar linzami. Sauƙin da gwaje-gwajen suka nuna matsakaici ne, yana gushewa idan an daina, kuma atisaye ba ya mayar da guringuntsin da ya riga ya tafi. Wanda gwiwarsa ta lalace matuƙa tiyata ce za ta fisshe shi. Mai amosanin kumburi kuma ba zai ajiye maganinsa don ya fara tattaki ba, kuma ranar da gaɓa ta yi zafi ta kumbura, ɗan hutu na kwanaki yana da amfani, abin da ya rage ke nan daga koyarwar Thomas. Ƙa'idar da hukumar NICE ta Ingila ta fitar a 2022 ta sa atisaye da rage ƙiba a sahun farko, gaba da magungunan kashe zafi, ta kuma nemi a gaya wa mara lafiya tun farko cewa ciwon zai iya ƙaruwa a makonnin farko ba tare da an yi wa gaɓar lahani ba. Dattijon da ya koma yin salla a kan kujera saboda sujada ta gagara, da wannan bayani ya kamata mai gashi ya fara masa, kafin a kai ga ƙarfafa tsokar cinya.