Kalmomi Uku a Cikin Rubuta Tarihin Kabi

Wanda duk ya ɗauki alƙalami zai rubuta tarihin Kabi, tun bai kai ga shekaru da sunayen sarakuna ba, sai ya ci karo da waɗansu kalmomi da ya gada daga marubutan farko. Kowace cikinsu kuwa hukunci ce da wani ya riga ya yanke. In marubuci ya kwashe ta bai bincika ba, ya shiga shari'ar da ba a kira shi shaida ba.

Ta fari ita ce "Banza Bakwai". Barth, wanda ya ratsa Gwandu a 1853, ya lissafa Kabi cikinsu tare da Zamfara, da Yawuri, da Nufe, littattafan makaranta kuma suka bi sawunsa. Amma fa wannan suna daga labarin Bayajida na Daura ya fito, watau ma'auni ne na mutanen gabas. Kabawa Hausa suke yi, Kanta kuwa, wanda ya ɓalle daga Songhai wajen 1516 ya zauna Surame, ƙarfinsa ya kai ga ƙasashen Hausa na gabas. Mai rubutu yana iya ambaton sunan, amma wajibi ne ya faɗi bakin da ya fito.

Ta biyu ita ce "tawaye", ita ce kuma ta fi nauyi. A 1805 rundunar jihadi, bisa jagorancin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ta ci Birnin Kebbi, Sarki Muhammadu Hodi ya fita. Karari ya ci gaba da yaƙi daga Argungu har aka kashe shi a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, ya daɗe can. Da ya koma ƙasarsu, sai ya ɗaga takobi a 1849, Zabarmawa da Arawa suka ba shi hannu. Ga mutumin Sakkwato da na Gwandu wannan tawaye ne, gama an amince da shi ya warware alkawari. Ga Bakabe kuwa, ɗa ne ya nemi gadon ubansa. Dukansu biyu suna da hujja. Sai dai a 1867 aka ƙulla sulhun nan da ake kira Lafiyar Toga, inda aka bar wa Sarki Abdullahi Toga Argungu da 'yancinta. To, wanda aka yi sulhu da shi a kan ƙasarsa, yaya za a ci gaba da kiransa ɗan tawaye? Daga wannan shekara kalmar da ta dace ita ce "yaƙi", tsakanin ƙasa da ƙasa.

Ta uku ita ce sarautar kanta. Da Turawa suka iso Argungu a 1902 zamanin Sarki Sama, sai suka rubuta shi "Emir", daidai da na Kano da na Zazzau. Amir kuwa a ƙa'idar daular Usmaniyya shi ne wanda ya karɓi tuta ya yi mubaya'a ga Sarkin Musulmi, abin da Sama bai yi ba. Sunansa a gida Sarkin Kabi. Nan ma akwai tarko, domin gidan Moyijo na Yabo, wanda ya taimaki Shehu, shi ma Sarkin Kabi ake kiransa. Birnin Kebbi kuwa, ko da yake yana ɗauke da sunan, fadar Sarkin Gwandu ce tun farkon mulkin Turawa, ya kuma zama babban birnin Jihar Kebbi a 1991. Saboda haka "Kabi" ita kaɗai ba ta isa ba, sai an bayyana wace ake nufi, a wane zamani.

Shawararmu ga ɗalibai ita ce, su bayyana ma'anar irin waɗannan kalmomi tun farkon takarda, su jingina kowace ga mai ita, su kuma tsaya a kan ma'ana ɗaya har ƙarshe. Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a 1934, aka binne gabar da ta haura shekara ɗari. Bai kamata alƙalamin ɗalibi ya tone ta da ganganci ba.