Mu'utaz Musa: Ministan Kuɗin da Farashin Burodi Ya Kayar

Gabatarwa

Idan ɗalibi na nazarin faɗuwar wata gwamnati, yakan fi zuba ido a kan shugaba da hafsoshin soja, ya manta da mai riƙe da baitulmali, alhali kuwa sau da yawa a ɗakinsa ɓarakar take somawa. Wannan darasi zai duba rayuwar aikin Mu'utaz Musa, wanda ya riƙe kuɗin Sudan a watannin da juyin juya halin Disambar 2018 ya ɓarke, da yadda manufofinsa suka iske mu a nan Gadarif. Daga nan za a kwatanta shi da wani takwaransa na ƙasar Meziko.

Daga Madatsar Ruwa zuwa Baitulmali

Mu'utaz Musa bai taso a harkar kuɗi ba. Tun daga Disambar 2013 shi ne ministan albarkatun ruwa da wutar lantarki, kuma shi ya riƙa wakiltar Sudan a tattaunawarta da Masar da Habasha kan babbar madatsar Habasha. A zamaninsa ne aka buɗe tashar lantarki ta madatsun Atbara ta Sama da Setit a 2017, a kan iyakar jihohin Gadarif da Kassala. Saboda haka mutanen wannan yanki sun san sunansa tun kafin ya kai ƙololuwa.

Ranar 9 ga Satumban 2018 Shugaba Umar al-Bashir ya rushe gwamnatin Bakri Hassan Saleh, ya rage ma'aikatu daga 31 zuwa 21, ya naɗa Mu'utaz firayim minista. Kujerar kuɗi kuwa an miƙa wa Abdalla Hamdok, masanin tattalin arziki da ke aiki da Majalisar Ɗinkin Duniya a Addis Ababa, amma ya ƙi karɓa. Sai Mu'utaz ya haɗa muƙaman biyu a hannunsa.

Ramin da Ya Gada

Adalci ne a faɗi cewa ba shi ya haƙa ramin ba. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, wanda shi ne babbar hanyar samun kuɗin waje. Bashin ƙasar ya haura dala biliyan 50. Ko da Amurka ta ɗage takunkumin kasuwanci a Oktoban 2017, sunan Sudan bai fita daga jerin ƙasashen da take zargi da taimakon ta'addanci ba, don haka ƙofar yafe bashi da sabon rance ta ci gaba da zama a rufe. Ƙasar kuma ta dogara da alkamar waje, wadda sai da dala ake sayenta.

Maganin da Mu'utaz ya kawo mai ɗaci ne. A farkon Oktoba aka karya darajar fam zuwa 47.5 a kan dala ɗaya, daga kimanin 29, da nufin kashe kasuwar bayan fage. Ya kuma shelanta shirin tsuke bakin aljihu na wata 15. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya: babban banki ba shi da dalar da zai kare sabon farashin, kasuwar bayan fage ta sake yin gaba, hauhawar farashi ta kai wajen kashi 70 cikin 100 a ƙarshen shekarar.

Yadda Abin Ya Iske Gadarif

Gadarif rumbun Sudan ce. Tun shekarun 1940 ake noman damina da injuna a ƙasarta mai baƙin laka, kuma kasuwarta ta dawa da riɗi na cikin mafi girma a ƙasar. Hausawa, waɗanda kakanninsu suka yada zango a nan a kan hanyar aikin Hajji, suna cikin manoma da 'yan ƙodago da dillalan wannan kasuwa. Matakan Oktoba sun faɗo daidai lokacin kaka. Riɗi ba ya jira: idan ya nuna ba a yanke ba, sai ƙwansonsa ya fashe, ƙwayar ta zube. Mai yanka kuwa kuɗi hannu yake so, ga shi bankuna sun taƙaita abin da mutum zai iya cira daga ajiyarsa. Man dizal na tarakta da na motar dako shi ma sai an bi layi. Layi ya zama uku: na banki, na gidan mai, da na gidan burodi.

Ranar 19 ga Disamba farashin burodi ya tashi daga fam 1 zuwa fam 3 a Atbara, jama'a suka ƙona ofishin jam'iyya mai mulki. Washegari Gadarif ta tashi. Aka harbe masu zanga-zanga, aka kafa dokar ta-ɓaci. Ranar 22 ga Fabrairun 2019 Bashir ya rushe gwamnatin Mu'utaz bayan wata biyar kacal, shi kansa kuma sojoji suka tuɓe shi ranar 11 ga Afrilu. Hamdok, wanda ya ƙi kujerar kuɗi, ya zama firayim minista a Agustan wannan shekarar.

Takwaransa na Meziko

Mai karatu zai iya cewa talaucin baitulmali ne ya jawo haka. Labarin José Yves Limantour ya nuna ba nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Shi ne ministan kuɗin Shugaba Porfirio Díaz daga 1893 zuwa 1911. Ya daidaita kasafi har aka samu rara, ya ɗaure kuɗin ƙasar da zinariya a 1905, ya haɗe manyan layukan dogo ƙarƙashin kamfanin da gwamnati ke da rinjaye a 1908. Bankunan Turai sun amince da shi. Amma gonakin ƙauyuka sun ƙare a hannun manyan masu ƙasa, masara kuma ta yi tsada. Juyin juya hali ya ɓarke a 1910, Limantour ya sauka a Mayun 1911, ya rasu a Paris a 1935.

Kammalawa

Ɗaya ya yi shekara 18 da cikakken baitulmali, ɗaya ya yi wata biyar da wanda ya ƙafe, amma makomarsu ɗaya. Dukansu sun auna lafiyar ƙasa da ma'aunin masu ba da rance, talaka kuwa da mudu yake auna ta. Ɗalibin da zai yi rubutu kan wannan zamani ya ajiye kundin kasafi gefe guda, farashin buhun dawa a kasuwar Gadarif a ɗaya gefen, ya karanta su tare.